Amsa ga ɗan'uwan da yake tambaya kan kati mai 8GB da mai 12GB

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Na ga tambayarka tun jiya, sai yanzu na samu zama. Ka ce kana da GTX 1060 mai 6GB a kan tsohuwar kwamfuta mai i5 ta ƙarni na takwas, allonka 1080p ne, kuma kana son sauya katin hoto amma ka rasa wanda za ka ɗauka tsakanin sabon RTX 4060 mai 8GB da RTX 3060 mai 12GB na hannu. Ka kuma ce wani ya gaya maka wanda ya fi memori shi ya fi ƙarfi. To daga nan zan fara, domin wannan maganar ta taɓa cinye min kuɗi.

Shekarun baya na shiga wani shago da ɗan abin da na tara, mai shagon ya ɗauko min kati yana nuna min kwalin, an rubuta 4GB da manyan haruffa. A lokacin abokaina duk 2GB gare su, sai na ji kamar na yi gaba na bar su. Da na je gida na saka, wasan ƙwallo ma da ƙyar yake tafiya. Ashe injin katin ƙarami ne, memorin kuma DDR3 ce marar sauri. Laifina ne, kwali na saya, ban saya kati ba.

Ga yadda nake fahimtar abin. Injin da ke cikin kati kamar mai shayi ne, memori kuma teburinsa. Saurin hannun mai shayi shi ne yawan firem ɗin da kake samu, wato hotunan da kati yake zanawa a daƙiƙa. Faɗin tebur ba ya ƙara masa sauri ko kaɗan. Amma ranar da kayan da yake buƙata suka fi ƙarfin teburin, dole ya riƙa aika yaro shago ya ɗauko burodi da madara, kowa ya zauna jira. Haka kati yake yi idan memorinsa, wato VRAM, ta cika: sai ya koma aron RAM ɗin kwamfuta ta hanyar PCIe, wato hanyar da ta haɗa kati da madabod, wadda ba ta kusa da saurin memorin kati. RTX 3060 mai 12GB yana jan kusan 360GB a daƙiƙa daga memorinsa, ita kuwa hanyar PCIe 3.0 ko da layinta 16 ne cikakke, wajen 16GB take ɗauka. Shi ya sa ƙarancin memori ba ya zuwa a hankali. Kana cikin wasa lafiya lau, ka juya kyamara, sai hoto ya sarƙe na ɗan lokaci, ko ka ga bango da fuskokin mutane sun koma kamar an shafa musu laka.

Kuma a nan akwai abin da ya shafe ka kai tsaye. Madabod ɗin i5 na ƙarni na takwas PCIe 3.0 ne, shi kuma 4060 layi 8 kawai yake amfani da su. Ke nan idan 8GB ɗinsa ta cika a kwamfutarka, ƙofar da zai bi ya yi aro ta koma wajen 8GB a daƙiƙa. Matuƙar bai cika ba ba za ka ji komai ba. Idan ya cika, kai za ka fi mai sabon madabod jin jiki.

To yaushe 8GB take cika? Ya danganta da abin da kake bugawa, kuma ba ka faɗa mana ba. Idan EA FC ne da eFootball da GTA V da Fortnite da Valorant a 1080p, 8GB ta ishe ka har da saura, kuma 4060 ya fi 3060 sauri. Amma manyan wasannin da ake yi wa PS5 labarinsu daban ne. PS5 ta fito a 2020 da memori 16GB da injin lissafi da na hoto suke rabawa, kuma tun da masu haɗa wasanni suka daina waiwayar PS4, sai suka saki jiki. A 2023 ne abin ya fito fili, lokacin da Hogwarts Legacy da The Last of Us Part I suka zo kwamfuta, masu katin 8GB suka yi ta kuka, har da masu RTX 3070 wanda injinsa ƙaƙƙarfa ne. Ni ma katina na lokacin 8GB ne, kuma dabarar da na koya ita ce rage tekscha, wato ingancin zanen jikin abubuwa a wasa, daga mataki na ƙarshe zuwa na ƙasa da shi. Da hakan wasa yake daidaita, kuma gaskiya a allon 1080p sai ka ƙura ido kafin ka ga bambanci. Abubuwan da suka fi cin memori su ne tekscha, da girman allo, da bibiyar haske da ake kira RT, har da ƙirƙirar firem ta DLSS da ake tallata 4060 da ita, ita ma tana cin nata kaso.

Ni dai da zan zaɓar maka, ga yadda zan yi. Idan za ka ci gaba da zama a 1080p da wasannin ƙwallo da na harbi, ɗauki 4060. Wutar da yake ja 115W ce, na 3060 kuma 170W, kuma wanda yake wasa a kan inbata ko sola, ko a ɗakin da ba AC a watan Afrilu, ya san wannan ba ƙaramin bambanci ba ne. Idan kuwa ranka yana kan sabbin wasannin labari, ko kana shirin sayen allon 1440p, kada ka sayi 8GB a yau. Amma kuma 3060 ba shi ne mafita a 1440p ba, teburinsa yana da faɗi amma hannunsa ba ya kaiwa. Gara ka ƙara haƙuri ka tara na RX 9060 XT mai 16GB ko RTX 5060 Ti mai 16GB. Dukansu sun fito a 2025 kala biyu-biyu, kuma a farashin da kamfanonin suka sanar, dala 50 ce tsakanin mai 8GB da mai 16GB: 299 da 349 a na AMD, 379 da 429 a na Nvidia. Memorin kati ba kamar RAM ba ce da za ka ƙara daga baya, a manne take. Intel ma suna da Arc B580 mai 12GB, sai dai yana buƙatar wani saitin madabod mai suna Resizable BAR kafin ya yi aiki yadda ya kamata, don haka a tsohon madabod irin naka ban ba ka shawararsa ba.

In dai 3060 ɗin na hannu ka tsayar, ka buɗe ido. Akwai 3060 mai 8GB da aka fitar daga baya, sunansu ɗaya amma hanyar memorinsa 128-bit ce maimakon 192-bit, kuma ya fi rauni. Ba yau aka fara ba, 1060 ɗin da ke hannunka ma akwai mai 3GB da aka rage wa inji. Sannan katunan 2021 da yawa sun yi aikin haƙar kirifto dare da rana kafin kirifton Ethereum ta daina amfani da katin hoto a Satumban 2022, kuma memori ce ta fi shan zafi a wannan aiki. Kada ka biya sai an saka shi a gabanka. Ka buɗe manhajar GPU-Z ka duba girman memori da faɗin hanyarta, ka bar wasa mai nauyi ya yi minti 20 zuwa 30, ka lura ko ɗigo-ɗigo masu launi ko layuka za su fito a allo. Mai kayan da ya ƙi gwaji, ka yi masa sallama.

Kafin duk wannan, saka manhajar MSI Afterburner a daren yau ka buga wasanninka a kan 1060 ɗin, ka ga nawa suke ci daga 6GB. Ka tuna wasu wasannin suna kama wuri fiye da wanda suke buƙata, don haka sarƙewar hoto za ka fi sa wa ido, ba lamba kaɗai ba. Ka dawo ka faɗa mana abin da ka gani, da sunayen wasannin, da wat nawa aka rubuta a jikin fawa saflai ɗinka.