Tambayi Likitan Dabbobi: Ƙaiƙayi ya hana mu barci, ko kyanwa ce sila?

Wasiƙun da suka taru a wannan watan kusan duk a kan susa suke, ta mutane da ta dabbobin da ke zaune da su. Ni likitan dabbobi ne, don haka abin da ya shafi jikin mutum zan faɗi abin da na sani, amma maganin ƙarshe yana hannun ma'aikacin lafiyar da zai duba fatar da idonsa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Kusan wata biyu ke nan ba ma barci a gidanmu. Babban ɗana ne ya fara susa bayan ya dawo hutu daga makarantar kwana, sai ƙannensa biyu, yanzu har ni. Da rana da sauƙi, amma da an kwanta sai susa har asuba. Ƙurajen suna tsakanin yatsu, da wuyan hannu, da kewayen cibiya, na yaran har a gabansu. Muna da kyanwa, maigidan ya ce ita ta kawo mana, ya ce a sa ta a buhu a kai ta bayan gari. Mai kemis ya ba mu wani man haɗi, ya lafa kwana biyu ya dawo. — Uwar yara uku, Funtuwa

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Don Allah ki ba maigida haƙuri ya ajiye buhun nan, ban ga laifin kyanwar ba a cikin abin da kika zayyana. Ƙaiƙayin da ya fi tsanani da dare, ya zauna a tsakanin yatsu da wuyan hannu da cibiya da al'aurar yara maza, kuma yake bin mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, wannan kazuwa ce har sai an tabbatar da ba ita ba ce. Wani ƙwaro ne ɗan mitsitsi da ido ba ya iya gani sosai, macen takan haƙa rami a saman fata ta saka ƙwai. Gobe da safe ki kama hannun ɗanki a cikin haske, ki buɗe tsakanin yatsunsa. Kina iya ganin wani siririn layi mai ɗan lanƙwasa, gajere ƙwarai, da ɗan ɗigo a ƙarshensa. Hanyar ƙwaron ke nan.

Kazuwar mutum daga mutum take zuwa, ta haɗuwar jiki mai tsawo da kwana a shimfiɗa ɗaya, shi ya sa take son makarantun kwana da makarantun allo da duk inda ake cunkoso. Wanda bai taɓa yi ba yakan ɗauki sati huɗu zuwa shida kafin ya fara susa, kuma a duk tsawon lokacin nan yana iya sa wa wani. Wannan ne ya sa kuka riƙa kamuwa a jere. Kyanwa tana da tata kazuwar daban, da ita ce da kin ga kunnuwanta da fuskarta sun yi ɓawo, gashi ya zube. Kada kuma ki ɗauka ƙazantar gidanki ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a kowane lokaci mutane sama da miliyan 200 ne ke ɗauke da ita, kuma tun 2017 ta sa ta cikin cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi.

Man haɗin nan ki daina shi yau. Yawancinsu akwai sitiroyid a ciki, yana kwantar da ƙaiƙayi amma ba ya kashe ƙwaron, sai ma ya ba shi damar yaɗuwa, ga siranta fata idan an daɗe ana shafawa. Abin da asibiti ke bayarwa shi ne man fametirin mai kashi 5, ko ruwan benzil benzowet wanda ake sirka wa yara da ruwa saboda zafinsa, ko man farar wuta ga jarirai. Akwai kuma ƙwayar aibamektin, amma ba a ba mai ciki ko yaron da bai kai kilo 15 ba. Inda mutane suka fi faɗuwa shi ne wajen shafawa. Kowa a gidan zai shafa a dare ɗaya, har maigida ko da bai fara susa ba. Daga wuya har tafin ƙafa, ba a kan ƙurajen kaɗai ba, har ƙarƙashin farce. Fametirin yana kwana a jiki awa 8 zuwa 14 kafin a yi wanka, sannan a maimaita bayan sati ɗaya. Washegari a wanke zannuwan gado da tufafi da ruwan zafi a shanya a rana. Abin da ba ya wankuwa a ɗaure shi a leda na sati guda, ƙwaron ba ya wuce kwana biyu zuwa uku ba tare da jikin mutum ba. Ƙaiƙayin yana iya ci gaba har sati biyu zuwa huɗu bayan an kashe ƙwaron, wannan bai nuna maganin bai yi ba.

Abu biyu nake so ki riƙe. Idan ƙurajen sun yi ruwa ko mugunya, ko kika ga fuskar yaro ta kumbura da safe, ko fitsarinsa ya koma kalar shayi, ki kai shi asibiti ba jira, domin ƙwayoyin cutar da ke shiga wurin susa suna iya taɓa ƙoda. Na biyu ya shafi kyanwar: fametirin guba ne a gare ta. Daren da kuka shafa, kada ta kwanta a jikin kowa ko ta lashi hannun yara. Sannan a sanar da makaranta, in ba haka ba yaron zai koma ya sake ɗebo ta.

TAMBAYA: Likita, ranka ya daɗe. Ina da karen gadi a gidan gonata. Gashinsa ya zube a gefen kunnuwa da gwiwoyi da ciki, fatar ta yi kauri ta yi baƙi, kullum susa har ya rame. Yaron da ke ba shi abinci shi ma ƙuraje sun fito masa a hannu. Abokaina mafarauta sun ce in shafe shi da baƙin man mota, wani ya ce fiya-fiya. Wanne ya fi? — Manomi, Saminaka

AMSA: Malam, babu wanda ya fi, duka biyun kada ka kusance su. Na sha karɓar karnukan da aka yi wa wanka da fiya-fiya ko maganin feshin gona, a kawo su suna dalalar da miyau, jiki na rawa, suna zawo, ƙwayar ido ta tsuke. Wasu mukan ceto, wasu sun riga sun yi nisa. Baƙin mai kuwa yana ƙona fatar da dama ta ji ciwo, kare kuma zai lashe shi ya shiga cikinsa. Abin yana ba ni takaici, domin masu yin haka ba mugunta suke nufi ba, tausayin dabbar ne ya sa su, kuma maganin gaskiya ba wani tsada ya yi ba.

Wuraren da ka lissafa, gefen kunne da gwiwa da ciki, su ne mazaunin kazuwar kare. Ga wani gwaji da muke yi kafin mu kankari fata mu duba a madubin likita: ka kama bakin kunnensa tsakanin yatsu biyu ka murza a hankali. Idan ƙafarsa ta baya ta fara harbin iska kamar yana susa, zargin ya ƙara ƙarfi. Likitan dabbobi zai yi masa allurar aibamektin daidai nauyinsa, a maimaita duk bayan sati biyu har fatar ta warke, ko ya ba shi ɗaya daga cikin sababbin ƙwayoyin taunawa irin su Bravecto ko NexGard, waɗanda ke kashe ƙuma da kaska su ma. Kada ka sayi allurar shanu ka ƙiyasta da ido. Wasu karnukan Turawa irin su Collie ma aibamektin na iya kashe su. In akwai wasu karnuka a gonar, duka za a yi musu, a ƙona tsummokaran da yake kwanciya a kai. Ƙwaron kare yana cizon mutum amma ba ya iya zama ya hayayyafa a jikinmu yadda ya kamata, saboda haka ƙurajen yaron sukan tafi da kansu idan kare ya warke. In sun wuce sati biyu zuwa uku, a duba shi.

Ka kuma duba gindin wutsiyarsa da gadon bayansa. Idan can ma gashi ya zube, akwai hannun ƙuma. Ka tsayar da shi a kan farar takarda ka taje gashin, baƙin garin da ya zubo ka ɗiga masa ruwa. In ya narke ya koma ja, kashin ƙuma ne, jinin karenka ne da suka sha. Akwai karnukan da jikinsu ba ya jituwa da miyan ƙuma, cizo kaɗan ya isa ya sa su susa kwanaki. Macen ƙuma tana iya saka ƙwai har 50 a rana, kuma mafi yawansu a ƙasa suke, cikin ƙura da tsagar siminti, don haka shara da wanke makwancinsa rabin magani ne. Tunda za ka je wurin likita, ka sa a yi masa rigakafin haukan kare a tafiya ɗaya.

TAMBAYA: Likita barka da aiki. Ni amarya ce, muna zaune gida ɗaya da uwar mijina, tana da kyanwoyi da take ji da su. Tunda na tare nake atishawa, idona na ƙaiƙayi yana ruwa. In kyanwa ta lashe ni wurin yakan tashi kamar borin jini. Kwanan nan kuma da dare ƙirjina yana fito. Ina jin nauyin yi wa Hajiya magana. Ko a aske musu gashi? — Wata amarya, Maraɗi

AMSA: 'Yar'uwa, Allah ya ba da zaman lafiya. Naki ya bambanta da na Hajiyar Funtuwa, a nan ina ganin kyanwar tana da hannu. Amma aski ba zai yi komai ba. Abin da jikinki ke faɗa da shi wani sinadari ne da masana ke kira Fel d 1, yana fitowa daga miyan kyanwa da maiƙon fatarta. In ta lashi jikinta sai ya bushe, ya tashi a iska, ya manne a labule da kafet da katifa da tufafi. Yana da naci ƙwarai, ko an fitar da kyanwa daga ɗaki yakan yi watanni kafin ya ragu. Muzurun da ba a dandaƙe ba ya fi fitar da shi, don haka dandaƙa tana ɗan ragewa. Wanka kuwa kwana kaɗan yake yi abin ya dawo.

Kafin a ɗora wa kyanwa duka laifin, ki lura da kanki. In kin je ganin gida kin kwana biyu, abin yana sauka? Yana tashi ne lokacin da aka kunna turaren wuta, ko aka kakkaɓe tsohon kafet, ko ƙurar hunturu ta sauko? Ɗakin amarya cike yake da turare da sababbin labule, kuma sau da yawa abu biyu ne ke haɗuwa.

Ɗakin barcinki ya zama haramun ga kyanwa, ƙofa a rufe dare da rana. A naɗe kafet, a riƙa goge ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma maimakon shara mai tayar da ƙura. In kin taɓa su ki wanke hannu kafin ki kai ido. Setirizin ko loratadin suna rage atishawa da borin jini, kuma ba su kai Piriton sa barci ba, amma in kina zaton kina da juna biyu ki tambayi likita tukuna.

Fiton ƙirjin nan shi ya fi damuna. Yana iya zama asma ce ke farawa, kuma ba a wasa da ita. Ki je asibiti cikin satin nan a saurari ƙirjinki, in an ba ki abin shaƙa ki karɓa, ba ya sa jaraba kamar yadda ake faɗa. In wata rana leɓe ko harshe ya kumbura, ko numfashi ya gagara, a tafi asibiti nan take ko da tsakar dare ne. Maganar Hajiya kuwa, ki bar wa ɗanta. Ya raka ki asibiti ya ji da kunnensa, sannan ya faɗa mata cewa likita ne ya ce kyanwa ta tsaya a sashenta. Ba a nemi ta rabu da su ba, kuma ban san uwar da za ta ƙi wannan ba idan ta ji batun numfashi ne.

TAMBAYA: Likita, 'yata ta tsinto ɗan kyanwa, yanzu makero ya fito mata a kumatu da kuma tsakar kai, gashin wurin ya karye. Shi ma ɗan kyanwar akwai saiƙo a kunnensa. — Wani uba, Kumasi

AMSA: Malam, wannan kam yana iya zama daga ɗan kyanwar, ƙananansu sun fi ɗaukar ƙwayar makero, har waɗanda ba a ga komai a jikinsu ba. Na kumatu man kulotirimazol zai iya da shi, safe da yamma na sati biyu zuwa huɗu. Na kai kuwa mai ba ya isa, domin ƙwayar tana cikin saiwar gashi. Sai an sha magani irin girisiyofulbin na sati shida zuwa takwas bisa umarnin likita, ana sha bayan abinci mai maiƙo don ya fi shiga jiki. Kada a kankare wurin da reza, kada a ɗiga ruwan batir ko man birki, tabo kawai za a bar mata. A ware mata matajinta da ɗankwalinta da matashinta, a sanar da mai kitso, a kuma duba kan sauran yaran, domin makeron kai a ƙasashenmu ya fi yawo daga yaro zuwa yaro ta mataji da injin aski. Ɗan kyanwar a kai shi wurin likitan dabbobi, kuma kafin nan kada wani ya ba shi maganin mutane, musamman farasitamol, ƙwaya ɗaya tana iya kashe kyanwa.