Taimakon talaka: na masu zakka ne ko na gwamnati?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ba sai a bar wa masu zakka taimakon talaka ba, gwamnati ta ji da hanyoyi. A ganina zakka ba ta sauke wa gwamnati nauyinta. Mai tallan ƙosai a kasuwar Tawa a Nijar ma tana biyan haraji duk sanda ta sayi mai da sukari, to tana da haƙƙi a baitulmali.

Duba lokacin bazara zuwa tsakiyar damina, sanda rumbu ya ƙare, tiyar hatsi ta yi tsada. Wane attajiri ne zai iya sauke farashi a jiha guda? Sai mai babban rumbu kamar OPVN, hukumar ajiyar abinci ta gwamnati, da ke fito da hatsi a sayar da rahusa. Yunwar 2005 ta nuna abin da jinkiri ke jawowa.

Haka maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5, kyauta ne tun 2006. Doka mai kyau, amma in kuɗin bai iso likita a kan kari ba, takardar sayen magani ake miƙa wa uwa. Nan ya kamata mu matsa wa hukuma, mu kuma tambayi wa ke rubuta sunayen masu karɓar taimako a unguwa.