Kun Tambaya, Mun Amsa: Yadda Ake Gane Makarantar da Yaro Zai Zauna Lafiya

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana ya samu gurbi a wata makarantar kwana da ke bayan gari. Na je na gani: katanga doguwa, get ɗin ƙarfe da sabon fenti, firinsifal ma ya karɓe ni hannu bibbiyu. Amma tun satar ɗaliban da aka yi a Ƙanƙara hankalina bai kwanta da makarantar kwana ba. Me zan duba kafin in kai shi? Daga wani uba a Funtuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya yi wa yaron albarka. Abin da ka gani shi ne abin da kowane baƙo yake gani da hantsi. Ka sake komawa da la'asar sakaliya, ka zauna har a yi magariba, domin a Ƙanƙara a Disambar 2020, inda aka kwashi yara sama da 300, da Jangebe a Fabrairun 2021, inda aka tafi da 'yan mata 279, duk cikin dare aka zo.

Fara da zagaya katangar ta waje, da ƙafa, har ka dawo inda ka tashi. Kana neman wurin da ta faɗi aka toshe da ƙaya ko tsohon kwano, da kafar da ɗalibai suka fasa don satar fita, da bishiyar da reshenta ya tsallaka ciki, da tarin bulo ko juji da ya zama matakala. Duk inda ka ga 'yar turbar ƙafa ta miƙe ta ƙare a jikin katanga, ana shiga da fita ta nan. Ka leƙa bayan ɗakunan kwana kuma. Idan da damina dawa ko ciyawa na kaiwa har gindin katanga, mutane da yawa za su laɓe a wurin maigadi bai sani ba.

Daga nan sai ka auna lokaci. Hau babur daga bakin get zuwa ofishin 'yan sanda ko sansanin jami'an tsaro mafi kusa, idonka na kan agogo. Abin da ka samu ka ninka shi, don kafin a ɗaga waya, a tara mutane, a tashi mota, an ci wani lokacin kamarsa. Tambayi mai babur ɗin ko akwai rafin da ke datse hanyar a watan Agusta. In lissafin ya haura rabin awa, to abin da zai ceci yaran shi ne samun labari da wuri, labarin kuwa daga maƙwabta yake fitowa: manomin da ya hangi jerin babura a daji, mai shayin bakin hanya, mafarauci, ɗan banga. Don haka ka tambayi firinsifal yaushe rabonsa da zama da dagaci ko mai unguwa. Makarantar da ke rigimar fili ko ta ruwa da garin da take ciki ta toshe wa kanta kunne.

Gwada wayarka a cikin ɗakin kwanan yara, da layi biyu daban-daban, domin sau da yawa sabis na ofis ne kawai. Zauna da masu gadi ka ji su nawa ke kwana, ko suna da tocila mai aiki, da usur, da kuɗi a waya, kuma wa za su fara kira. Malamai nawa ke kwana a cikin makarantar? Sannan ka nemi a nuna maka littafin kiran suna na dare, ka duba ko an cika na jiya. Kada ka raina wannan littafin. A Kuriga, a Maris na 2024, da farko an ce yara 287 aka sace, daga baya hukuma ta ce 137 ne. Inda babu ƙidaya ta kullum, iyaye kan kwana ba su san ko ɗansu yana daji ko ya ɓuya a gidan wani ba.

Tambaya ta ƙarshe ka yi wa ɗalibi, ba malami ba: in an ji harbi me aka ce ku yi, in gobara ce me aka ce ku yi? Dole ƙararrawar biyun ta bambanta, tunda gobara fita take so, hari kuwa yana iya buƙatar a kashe fitila a bi wata hanyar da aka riga aka gwada. In yaron ya ɗaga kafaɗa, ba a taɓa yin atisaye ba. Kuma kada ka ji nauyin waɗannan tambayoyin. Najeriya na cikin ƙasashen da suka amince da yarjejeniyar kare makarantu ta Oslo ta 2015, kuma a 2021 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta fitar da manufar tsaron makarantu tare da mafi ƙarancin sharuɗɗan da ake so kowace makaranta ta cika. Haƙƙinka kake nema.

Tambaya: Ni malama ce a ƙaramar sakandare ta jeka-ka-dawo. Garinmu lafiya lau, ba mu da matsalar 'yan bindiga, amma 'yan mata na raguwa daga aji biyu zuwa uku, in ka tambaye su kuma sai su ce ba komai. Shugabar makaranta ta ɗora min binciko dalili. Ta ina zan fara? Daga wata malama a Azare.

Amsa: Malama, sannu da ƙoƙari. Yarinyar da aka tarbiyyantar da kunya da kara ba za ta dubi idon malamarta ta ce wane yana tare ni a hanya ba. Aikinki shi ne ki samar da hanyar da za ta faɗa ba tare da ta buɗe baki ba.

Ki fara da rajista, tunda ita ba ta jin kunya. Ɗauko ta zango uku da suka wuce, ki ware fashin maza da na mata, aji-aji, rana-rana. Fashin da ke faɗowa ranar kasuwa talla ce. Wanda ke faɗowa ranar darasin wani malami guda, a duba malamin. Yarinyar da ke ɓacewa kwana uku ko huɗu kowane wata, je ki duba ban ɗaki: akwai ƙyaure, akwai sakata ta ciki, akwai ruwa da buta, ko ƙofarsa na kallon inda samari ke zama? Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne ban ɗaki ɗaya ga 'yan mata 25, ɗaya da wurin fitsari ga maza 50, da ruwa lita 5 ga kowane mutum a rana a makarantar jeka-ka-dawo, lita 20 a ta kwana. Ki ƙirga naku, amma waɗanda ake iya shiga kaɗai, ban da wanda ya cika ko wanda aka garƙame don malamai.

Mataki na biyu taswira. Zana makarantar a babbar takarda, har da hanyoyin da yara ke bi zuwa gida, da shagunan bakin get, da kangon da ke kusa, da tashar masu babur. Ki tara 'yan mata takwas zuwa goma, maza kuma daban tare da malami namiji, a ba kowa alli ko biro ja ya sa alama a inda ba ya son bi shi kaɗai, ke kuma ki juya baya. Inda alamu suka taru, ki je da kanki a lokacin da abin ke faruwa, wato lokacin tara, da bayan an tashi, da sa'ar da malamai ke ɗakin taro. Wajen zaɓen yaran kada ki ɗauki monitoci da 'yan gaban goshi. Bi rajista ki ɗauki kowane suna na biyar, don a samu na kujerar baya da marasa surutu.

Na uku takardar tambayoyi, kada ta wuce tambaya goma, da Hausa, ba suna. "Kina jin daɗin makaranta?" ba tambaya ba ce, kowa zai ce e. Ki ɗaure kowace tambaya da lokaci da aiki: a makon jiya sau nawa aka dake ki, kuma wa ya dake ki, malami, ko monita, ko ɗalibi? Sau nawa wani babba ya ƙwace miki kuɗin tara? Kin taɓa riƙe fitsari har gida don gudun ban ɗakin makaranta? Akwai wanda ya taɓa jikinki ko ya yi miki maganar da ba ki so? Akwai babba guda a makarantar nan da za ki iya kai wa kuka? Wannan ta ƙarshen ita ce ma'aunin da muka fi ba muhimmanci. Amsa ta zama ta sa alama kawai, kowa da fensir iri ɗaya, a jefa a kwali rufaffe, malamin ajin kuma ba ya ciki. Ga 'yan firamare da ba su iya karatu ba, a ajiye gwangwani biyu a bayan labule, na e da na a'a, a karanta tambaya, kowane yaro ya shiga ya jefa tsakuwa ɗaya.

Inda aikin ke lalacewa sananne ne. Wani malami ya gane rubutun yaro ya rama a kansa, daga ranar kuwa ba wanda zai ƙara faɗin gaskiya. Ko a tattara sakamako a jefa a durowa, yara su ga sun yi magana ba abin da ya sauya. Cikin mako biyu a gyara ko da abu ɗaya ne da suka nuna, a kuma sanar a taron safe cewa daga bakinsu aka ji. Kada kuma shugaba ta yi murna don akwatin ƙorafi ya kwana wata uku babu takarda, domin tsoro ma yana kawo shiru.

In wata ta bayyana cewa an ci zarafinta, kada ki yi mata alkawarin ba wanda zai ji. Ce mata waɗanda za su taimaka kaɗai za a gaya wa. Kada a haɗa ta gaba da gaba da wanda take zargi, kada a kashe maganar da sunan sulhu ko rufin asiri. In fyaɗe ne a kai ta asibiti nan take, domin maganin kariya daga cutar HIV cikin awa 72 ake fara shi, sannan a sanar da ofishin walwalar jama'a da 'yan sanda.

Waɗanda suka riga suka daina zuwa ba za su cika miki takarda ba. Su sai an bi su gida, kuma uwa ta fi sakin jiki da 'yar'uwarta uwa, don haka ki tafi da mace ɗaya ko biyu daga kwamitin makaranta.

Tambaya: Makarantarmu azuzuwa huɗu na siminti ne, biyar na zana. Ba mu da halin gini bana. Yaya za mu rage haɗarin gobara? Daga wani ɗan kwamitin iyaye a Tasawa.

Amsa: Alhaji, tsoronka na kan hanya. A Afrilun 2021 gobara ta kashe yara kimanin 20 a azuzuwan zana a Yamai, a Nuwamban shekarar kuma aƙalla 25 a Maraɗi, galibinsu ƙanana. Don haka abu na farko, 'yan ƙananan aji su koma ɗakunan siminti, manya su karɓi na zana, tunda su sun iya gudu.

Kada rumfunan su jingina da juna ko da katanga. A bar aƙalla taku goma sha biyar tsakaninsu, a share ciyawa da kara har ƙasa ta fito. Kowace rumfa ƙofa biyu, gaba da baya, ba benci a bakinsu. Masu tuyar ƙosai da awara su koma nesa, ta yamma ko kudu, saboda iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, ita ke ɗauko tartsatsi. Bokitin yashi biyu a bakin kowace rumfa, da randa ko duro cike da ruwa. A yi atisayen fita sau ɗaya kowane zango da agogo a hannu. Zana ba ta jira, ajin da ya wuce minti ɗaya bai fita ba a sake masa tsarin zama.

Masu ginin siminti ma su duba nasu: tagogin da aka yi wa ƙarfe ba mabuɗi, ɗakin kwanan da ake sa wa kwaɗo ta waje da dare, hita da maganin sauro na kunnawa kusa da katifa. In akwai tukunyar kashe gobara, allurar agogonta ta tsaya a kan kore, kuma wutar lantarki ko ta mai ba a zuba mata ruwa.

Tambaya: Mun zagaya makarantarmu mun rubuta matsaloli sun kai arba'in, har da tsagewar bango, kuɗi kuma babu. Me za mu fara? Daga sakataren wani kwamitin kula da makaranta (SBMC) a Gumel.

Amsa: Malam, ku kasa su uku. Waɗanda ba sa cin ko kwabo, kamar sare ciyawa, cire kwaɗon da ake kulle yara da shi ta waje, rabon malaman da za su tsaya a fili lokacin tara, da rubuta sunan wanda aka yarda ya ɗauki kowane yaro, a gama su cikin makon nan. Masu ɗan kuɗi, irin su sakata, murfin rijiya, usur da tocila, a kai gaban taron iyaye. Manyan a rubuta wa Sakataren Ilimi na ƙaramar hukuma da hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha (SUBEB), da hotuna da kwanan wata, ku riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa. Kowace matsala a rubuta sunan mutum ɗaya a gabanta da ranar da zai kawo bayani.

Tsagewar bango kuwa ba ta shiga layi. A Yulin 2024 bene ya rufta a wata makaranta a Jos ana cikin karatu, mutum 22 suka rasu. Tsagar da ta tashi a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, ko wadda biro ke shiga, ko rufin kankare da ya lotsa, ko rodin da ya bayyana da tsatsa siminti na zubowa, duk alamun haɗari ne. Ƙaramar tsaga ku ja layi da fensir a ƙarshenta ku rubuta kwanan wata, ku dawo bayan mako biyu ku ga ko ta wuce layin. In ta wuce, ko kuma tun farko irin waɗancan manyan ce, a kwashe yaran a ranar, a sa kwaɗo a ajin, su yi karatu a gindin bishiya har injiniya ya zo ya duba.