Tambaya da Amsa: Malafa, Kwat da Ɗakin Otal a Ƙasar Waje

Wasiƙun da suka taru a wannan karo sun karkata ga abu guda, wato shigar namiji idan tafiya ta kai shi ƙasar waje, da yadda zai kula da kayan jikinsa a masauki. Mun zaɓi huɗu daga ciki, mun taƙaita su.

Tambaya: Zan halarci taron kwana biyar a birnin Rum a watan Yuli, kuma wannan ce fitata ta farko. Wani abokina ya ce in nemi malafar Panama saboda rana. Shin ta dace da kwat, kuma yaya zan kai ta can ba tare da ta lalace ba? Daga wani malamin jami'a.

Amsa: Malam, abokinka ya ba ka shawara mai kyau, domin a watan Yuli zafin Rum yakan haura digiri 30, kuma yawancin wuraren tarihin da baƙo ke marmarin gani a fili suke, babu inuwar da za a raɓa. Sai dai ka sani cewa sunan malafar yana ruɗarwa. A ƙasar Ekwador ake saƙa ta, da zaren ganyen wata shuka mai kama da kaba da ake kira toquilla, kuma garuruwa biyu ne suka yi fice a sana'ar, Montecristi da Cuenca. Sunan Panama ya bi ta ne saboda ta can ake fitar da ita zuwa kasuwannin duniya tun ƙarni na 19, sannan ya ƙara kama ta a shekarar 1906, lokacin da aka ɗauki hoton shugaban Amurka Theodore Roosevelt sanye da farar malafa a wurin haƙa mashigin ruwan Panama. A shekarar 2012 hukumar UNESCO ta sanya wannan saƙa cikin jerin al'adun da ɗan Adam ya gada.

Ta dace da kwat, amma da sharaɗi. Malafa kayan lokacin zafi ce, saboda haka abokin tafiyarta shi ne kwat mara nauyi na lilin ko auduga ko ulu mai shara-shara, mai launin ƙasa-ƙasa ko ruwan toka ko shuɗi. Idan ka ɗora ta a kan baƙin kwat mai kauri irin na hunturu, duk wanda ya gan ka zai lura cewa sama da ƙasa ba su jitu ba. Ka zaɓi wadda faɗin bakinta ya kai santimita bakwai ko takwas, domin wadda ba ta kai haka ba ado kawai take yi, ba ta kare kunne da ƙeya. Kwana biyar ba ya buƙatar fiye da kwat ɗaya, wando biyu, riguna biyar da takalmi biyu, muddin ka zaɓe su yadda kowanne zai shiga da ɗan'uwansa.

Batun kai ta can kuwa, akwatin da ya fi dacewa da malafa shi ne kanka. Ka sa ta ka shiga jirgi, idan ka zauna ka ɗora ta a cinya, ko ka jira kowa ya gama cusa jakarsa a ma'ajiyar sama sannan ka ɗora ta a bisa kaya. Idan ya zama dole ta shiga akwati, ka cika ƙoƙonta da safa da singileti har ya yi tam, ka kifa ta a tsakiya, ka jera tufafi masu laushi kewaye da ita yadda ba za ta motsa ba. Masu sayarwa za su ce maka ana naɗe ta a sa a aljihu. Akwai irin da ke jure haka, mai laushin saƙa wadda wani layi ya ratsa tsakiyar ƙoƙonta, amma ko ita ba a barin ta a naɗe fiye da tsawon tafiya, kuma wadda aka ƙanƙare bakinta da sitati idan ka naɗe ta ka karya ta.

Tambaya: Ina so in sayo wa maigidana malafa a matsayin tsaraba, amma na ga farashi ya bambanta ƙwarai, wata ta ninka wata sau goma ko fiye, alhali a ido duk ɗaya suke. Yaya zan gane ta ƙwarai, kuma yaya zan san girman da zai shige shi? Daga wata mai karatu.

Amsa: 'Yar'uwa, a ido daga nesa ne suke ɗaya. Ki ɗauki malafar ki dubi tsakiyar ƙoƙonta ta sama. Wadda aka saƙa da hannu daga nan ake fara ta, saboda haka za ki ga saƙar ta tashi daga ɗigo guda tana zagayawa tana faɗaɗa kamar idan an jefa tsakuwa a ruwa. Sannan ki ɗaga ta saitin haske ki ga ko zaren ya yi daidai wa daida, babu wani wuri da ya yi gibi ko ya canza launi. Abin da ke raba farashi shi ne sirantakar zare da yawansa a kowane inci, domin malafa mai matsakaiciyar saƙa ana gama ta cikin 'yan kwanaki, amma mafi kyawun na Montecristi sukan ci watanni a hannun masaƙi guda.

Da yawa daga cikin waɗanda ake jibgewa a shagunan 'yan yawon buɗe ido ba ganye ba ne, takarda ce aka murɗa aka shafe da wani sinadari, wasu kuma roba ce. Ta takarda ba laifi ba ce idan an san abin da aka saya kuma an biya kuɗin takarda, amma ruwan sama guda yana iya gamawa da ita, ta roba kuwa tana riƙe zufa. Araha ba ta ado, sai dai kuma tsada ba hujja ba ce, don haka ki karanta ɗan ƙyallen da ke ciki, ki tambayi mai shago kai tsaye da me aka yi ta. A ganina matsakaiciya ta fi dacewa da mutumin da zai sa ta yau da gobe, domin wanda ya mallaki mai tsadar gaske yakan koma yi mata gadi maimakon ta yi masa inuwa.

Girma kuwa, kafin ki tashi ki sami tef irin na tela ki auna kewayen kansa, ki bi ta tsakiyar goshi da ɗan sama da kunnuwa. Yawancin maza suna faɗawa tsakanin santimita 56 da 60, kuma da wannan lamba ake sayarwa a ƙasashen Turai. Idan awon ya faɗa tsakanin lamba biyu, ki ɗauki babbar, domin malafa takan ɗan tsuke da zufa da daɗewa, kuma wadda ta yi yawa ana iya sa mata ɗan soso a bayan ɗaurin ciki, wadda ta matse kuwa sai ciwon kai.

Tambaya: Na sauka a wani otal, na ajiye malafata a kan tebur kusa da taga na kwana uku. Da na zo ɗauka sai na ga gabanta ya tsage, bakinta kuma ya baje. Kwat ɗina ma ya fito daga akwati a yamutse, kuɗin gugar otal kuwa ya ba ni tsoro. Ina kuskuren yake? Daga wani ɗan kasuwa.

Amsa: Alhaji, abu uku ne suka haɗu a kan malafarka. Ganye yana buƙatar ɗan danshi kafin ya riƙe laushinsa, na'urar sanyaya ɗaki kuma tana tsotse danshin iska, ga rana tana dukan ta ta gilashi, sai ta bushe ta yi ƙamas. Na uku kuwa hannunka ne. Tsagewar da ke gaba, daidai inda ƙoƙon ya tsuke, alama ce ta mai ɗaukar malafa da yatsu uku yana matse wurin, kuma kusan duk malafar da ta mutu a nan take mutuwa. A baki ake riƙe ta, da hannu biyu idan da hali. Wajen ajiyewa kuma a birkice ake ɗora ta, ƙoƙo a ƙasa baki a sama, a cikin kabad nesa da taga. Tsagar ba ta gyaruwa yadda za ta ɓace, amma bakin da ya baje yana dawowa: ka tafasa ruwa a butar shayin da ke ɗakin, ka riƙe malafar a saman tururin na ɗan lokaci har ta yi laushi, ka daidaita ta da yatsu, ka bar ta ta huce.

Kwat ma tururi ne maganinsa. Da zarar ka shiga ɗaki, kafin ka kunna talabijin ko ka kira gida, ka fito da shi ka rataye, domin yawancin yamutsewar ulu tana sakin kanta cikin dare guda. Wadda ta ƙi, ka rataye shi a banɗaki ka sake ruwan zafi na minti goma ƙofa a rufe, yadda ruwa ba zai taɓa shi ba. Otal da yawa suna ba da dutsen guga kyauta idan an tambaya, amma ka fara gwada shi a kan tawul, domin ba ka san abin da wanda ya riga ka ya ƙona da shi ba, kuma kada ka ɗora shi kai tsaye a kan ulu sai da ƙyalle a tsakani, in ba haka ba wurin zai yi ƙyalli mai wuyar fita. Idan da naka ka zo, ka duba ƙarfin wutar da aka rubuta a jikinsa, saboda Amurka da Kanada suna amfani da bolt 120, Turai kuma 230, sannan soket ɗin Ingila mai ƙafa uku ya bambanta da na Faransa da Jamus. Abu guda da nake roƙon kowa ya kiyaye shi ne ɗan ƙarfen nan da ke leƙowa daga silin ko saman bango. Kan famfon kashe gobara ne, akwai ƙaramar kwalba a cikinsa, kuma wanda ya rataya riga a jiki ya fasa ta zai jiƙa ɗakinsa da na ƙasa da shi, ya kuma biya.

Tambaya: A ina ake cire malafa, kuma me ya sa otal ya riƙe kuɗi a katina bayan na biya kuɗin ɗaki? Daga wani ɗalibi.

Amsa: Ɗan'uwa, a al'adar Turawa namiji yana iya barin malafa a kansa a harabar otal da tashar jirgi da kan titi, amma yana cire ta idan ya zauna cin abinci a cikin gini, ko ya shiga ɗakin taro, ko gidan mutane, ko coci. A majami'ar Saint Peter da ke Vatican masu gadi za su umarce ka da cirewa, kuma ba sa barin mai gajeren wando ya shiga. A da an fi tsanantawa: a birnin New York akwai al'adar daina sa malafa daga 15 ga Satumba, har a shekarar 1922 aka yi tarzoma ta kwanaki saboda matasa suna fizge ta daga kan mutane suna tattakewa. Yau babu mai kula da kwanan wata, sai dai ka tuna cewa a ƙasashen kudancin duniya irin su Afirka ta Kudu da Ostareliya watan Yuli tsakiyar hunturu ne.

Kuɗin da aka riƙe kuwa jingina ce saboda abin da baƙo zai iya ci daga ƙaramin firjin ɗaki, ko wanki, ko ɓarna. Ana sakin su bayan ka fita, amma idan katin cire kuɗi ne daga asusunka, dawowarsu takan ɗauki kwanaki, wani lokaci fiye da mako. Ka tambayi adadin tun a teburin karɓar baƙi, ka kuma tambaya ko akwai harajin kwana na gari, wanda birane irin su Rum da Paris da Amsterdam suke karɓa, kuma sau da yawa ba ya cikin farashin da ka gani a intanet. Ranar tafiya ka karanta takardar lissafi layi-layi kafin ka sa hannu, ka karɓi rasit, sannan ka koma ɗaki ka duba saman kabad, domin a nan ake yawan manta malafa.