Filin Tambaya da Amsa: Yadda Ake Dawo da Tsohuwar Rawar Bale Daga Takarda

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce mai nazarin wasan kwaikwayo, kuma a wani darasi an ambata mana cewa a ƙasar Rasha an sake shirya wata rawar bale ta shekarar 1890 kamar yadda aka yi ta tun farko. Abin ya ɗaure mini kai, domin a wancan zamani babu bidiyo, kuma duk waɗanda suka taka rawar sun daɗe da mutuwa. Ta yaya ake adana motsin jiki har a dawo da shi bayan shekara ɗari? Shin abin da suka nuna shi ne na asali, ko kuwa sabon abu ne aka laƙaba wa tsohon suna?
Daga wata mai karatu a Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Rawar da aka ambata muku ita ce Sleeping Beauty, labarin gimbiyar da aka yi wa baki ta yi barcin shekara ɗari. An fara nuna ta a watan Janairu na 1890 a gidan wasa na Mariinsky da ke St. Petersburg. Tchaikovsky ne ya rubuta kiɗanta, Marius Petipa kuma, Bafaranshen da ya koma Rasha da zama tun 1847, shi ya tsara rawar. Ga waɗanda ba su saba da ita ba, bale wasa ne na dandamali da ake ba da labari a cikinsa ba tare da an furta ko kalma ɗaya ba, sai kiɗa da rawa da ishara, mata kuma sukan tsaya a kan yatsun ƙafa cikin takalma na musamman.

A al'ada wannan sana'a daga jiki zuwa jiki take tafiya, kamar yadda ɗan makaɗi yake ɗaukar kiɗan gidansu a hannun mahaifinsa. Tsohuwar 'yar rawa takan tsaya a ɗakin atisaye ta nuna wa yarinya abin da ita ma aka nuna mata, kuma a kowace miƙawa wani abu yakan canza: wannan ta ƙara juyi domin ta gwanance a kansa, wancan shugaban ya yanke wani sashe domin a ganinsa ya yi tsawo. A 1952 Konstantin Sergeyev ya yi wa wasan sabon shiri a wannan gidan wasa, wanda a lokacin ake kira Kirov, kuma shirinsa ne mutanen birnin suka tashi suna gani har suka ɗauke shi a matsayin aikin Petipa.

Abin da ya sa aka iya komawa baya shi ne aikin wani ɗan rawa na Mariinsky mai suna Vladimir Stepanov, wanda ya ƙirƙiro hanyar rubuta motsin jiki ya wallafa ta a Paris a 1892. Ya aro alamomin rubutun kiɗa na Turawa ya jera su a kan layuka, ya ware wasu layukan ga kai da gangar jiki, wasu ga hannuwa, wasu ga ƙafafu, ta yadda alama ɗaya za ta nuna inda gaɓa ta nufa da tsawon lokacin da motsin zai ɗauka. Stepanov ya mutu a 1896 yana ɗan shekara talatin ko ƙasa da haka kaɗan, amma gidan wasan ya ci gaba da amfani da tsarinsa, aka rubuta wasannin bale sama da ashirin. A gefen alamomin akwai zanen dandamali da ke nuna inda kowa zai tsaya da hanyar da zai bi, sannan an rubuta ma'anar ishara da kalmomin Rashanci.

Bayan juyin juya halin Rasha na 1917, Nikolai Sergeyev, wanda shi ne mai kula da shirya wasanni a Mariinsky (kada a rikita shi da Konstantin na 1952), ya fice daga Rasha a 1918 da waɗannan takardu. Da su ya shirya wa kamfanin Vic-Wells na Landan wasannin Giselle da Swan Lake a 1934, da Sleeping Beauty a 1939, kuma wannan kamfani ne daga baya ya zama Royal Ballet. Ya mutu a 1951, takardun suka zauna a hannun Mona Inglesby, wata 'yar rawa Baturiyar Ingila da ya yi aiki da ita, har Jami'ar Harvard ta Amurka ta saye su a 1969. Sun daɗe a can ba a cika waiwayarsu ba, saboda masu iya karanta su sun yi ƙaranci ƙwarai.

A 1999 ne Sergei Vikharev, ɗan rawa a Mariinsky, ya yi amfani da kwafin takardun Harvard, ya haɗa da zanen sutura da na adon dandamali da hotunan da suka rage a St. Petersburg, ya fito da wasan da ya kusan kai awa huɗu. Abin da ya fi ba masu kallo mamaki shi ne yawan ishara, wadda a zamanin Tarayyar Sobiyet aka riƙa rage ta ana ganin tsohon yayi ce. Ki dubi wurin da muguwar aljana Carabosse take yi wa jaririyar baki. Takan nuna shimfiɗar jaririyar, ta ɗaga tafin hannu mataki-mataki don nuna cewa yarinyar za ta girma, ta zagaya fuskarta da hannu don nuna kyau, ta soki yatsa, sannan ta dunƙule hannuwa biyu ta gicciya su ƙasa, wato mutuwa. Sai aljanar alheri ta fito ta maimaita maganar daki-daki, amma da ta zo ƙarshe sai ta kwantar da kunci a kan hannuwanta, ma'ana barci ne za ta yi. Wannan zance ne cikakke, kuma kiɗan Tchaikovsky yana bin sa gaɓa-gaɓa, don haka idan aka cire isharar sai a bar kiɗa yana faɗin abin da ido ba ya gani. A ganina wannan kaɗai ya isa hujjar komawa ga takardun.

Amma game da tambayarki ta biyu, ba zan ce miki abin da aka nuna a 1999 shi ne daren farko na 1890 ba. An rubuta Sleeping Beauty ne wajen 1903, fiye da shekara goma bayan fitowarta, kuma an san Petipa da sauya rawar mutum ɗaya don ta dace da 'yar rawar da ke gabansa. Sannan marubutan don amfanin kansu suka yi rubutun, suna masu sanin wasan a ka, shi ya sa a shafuka da yawa aikin ƙafa kawai suka sa suka bar layukan hannu da kai fayau, wasu sassan ma ba su rubuta su ba sam. Dole mai shiri ya cike waɗannan gurabe da hotuna, da bayanan waɗanda suka kalla, da saninsa na salon Petipa, wani lokaci kuma da hasashe. Tsofaffin malaman rawa na Mariinsky da dama ba su karɓi aikin Vikharev ba, domin a wurinsu abin da suka gada daga malamansu ya fi takarda inganci, kuma shirin 1952 bai bar dandamali ba.

Akwai kuma matsalar jiki, wadda Alexei Ratmansky ya tunkara a 2015 lokacin da ya shirya wasan ga kamfanin American Ballet Theatre bayan ya koyi karanta rubutun Stepanov. 'Yan rawan yau sun saba ɗaga ƙafa har kusa da kunne, shi kuwa ya sa suka sauke ta kamar yadda takardun suka nuna, ya sa a yi wasu juye-juyen a kan rabin tafin ƙafa maimakon kan yatsu, aka kuma ƙara wa takun sauri. Duk da wannan tsanani, suturar wasan daga zanen da mai zane Léon Bakst ya yi wa wani shirin wasan na 1921 aka samo ta. Kin ga mutum biyu sun karanta takarda ɗaya sun fito da wasa biyu. Ni dai ban ɗauki wannan a matsayin ha'inci ba, matuƙar mai shiri ya fito fili ya faɗi inda takarda ta tsaya da inda shi ya ɗora.

TAMBAYA: Malam, idan wasan ba a taɓa rubuta shi da irin waɗannan alamomi ba fa, shi ke nan ya tafi?
Daga wani mai karatu a Maraɗi

AMSA: Malam, ba lallai ba ne, sai dai aikin ya fi wuya kuma hasashe ya fi yawa. Misalin da aka fi sani shi ne The Rite of Spring, wanda Vaslav Nijinsky ya tsara a kan kiɗan Stravinsky, aka nuna shi a Paris ranar 29 ga Mayu, 1913, 'yan kallo suka yi ta ihu saboda baƙuntar kiɗan da rawar. Sau kaɗan aka yi shi aka ajiye. Wata mai binciken tarihin rawa, Millicent Hodson, ta shafe shekaru tana tattara abin da ya saura: takardar kiɗa da Marie Rambert, mataimakiyar Nijinsky, ta yi rubutu a kanta, bayanan Stravinsky, zane-zanen da Valentine Gross ta yi tana zaune cikin 'yan kallo, da sharhin jaridu. Kenneth Archer ya bi diddigin sutura da adon da Nicholas Roerich ya zana. A 1987 kamfanin Joffrey Ballet na Amurka ya nuna sakamakon, da ƙafafu a karkace ciki da dire diddige a ƙasa kamar yadda shaidu suka kwatanta. Zane yana kama tsayuwa ɗaya ne kawai, bai nuna yadda aka taso daga wadda ta gabace ta ba, saboda haka mafi yawan abin da ke tsakanin tsayuwa da tsayuwa Hodson ce ta haɗa shi, kuma har yau akwai masana da ke jayayya a kan ko ya dace a jingina wannan shiri ga Nijinsky kai tsaye.