RAM ɗina bai cika ba, me ya sa wasan ke cewa wuri ya ƙare?

Tambaya: Malam, ina amfani da Linux, kuma ta Wine, manhajar da ke sa kayan Windows su yi aiki a Linux, nake buɗe wani tsohon wasan Windows. In na jima ina wasa sai ya rufe kansa da saƙon cewa wurin ajiya ya ƙare, alhali cikin gigabait 16 na RAM ɗina ko rabi ba a taɓa ba. Shin in ƙaro RAM ne?

Amsa: Ɗan'uwa, ka riƙe kuɗinka, domin ko ka ninka RAM ɗin wasan ba zai amfana ba. Ga dukkan alamu manhajar ta bit 32 ce, kuma irin wannan ba ta iya kiran adireshin ƙwaƙwalwa (lambar da ke nuna wurin da aka ajiye abu) da ya wuce gigabait 4. Ko cikin huɗun nan, tsarin Windows na asali 2 kaɗai yake sakar mata, sai fa idan masu rubuta ta sun kunna wata alama a kan fayil ɗinta mai suna LARGE_ADDRESS_AWARE.

A ƙarƙashin Wine wurin ya fi matsewa. Wine ba ya ƙera wata kwamfuta a cikin taka. Kiraye-kirayen Windows yake mayarwa na Linux, saboda haka kayan aikinsa da direban zane, wato manhajar da ke sarrafa katin hotuna, duk suna zaune cikin fili ɗaya da wasan. Sannan filin yakan rarrabu da tsawon wasa, ta yadda wasan zai nemi megabait 200 a jere, jimillar abin da ya rage ta fi haka, amma babu yanki guda da ya kai.

Shawarata, ka fara duba ko wasan yana da siga ta bit 64. In babu, ka gwada Proton, wani nau'in Wine na wasanni daga kamfanin Valve, wanda ya fito a 2018 kuma yake kunna alamar nan da kansa, ko da yake wasu tsofaffin manhajoji sukan rikice idan adireshi ya haura gigabait 2. Rage ingancin hotuna ma yana taimakawa.

Idan kuwa wasan na bit 64 ne, sai ka duba vm.max_map_count, wato adadin yankunan ƙwaƙwalwa da Linux ke barin manhaja ɗaya ta riƙe. Asalinsa 65530 ne, amma Fedora 39, wani nau'in Linux, ta ɗaga shi zuwa 1048576, kuma kai ma kana iya ɗaga naka da umarnin sysctl.