Me ya sa miyar taliyata ke tsami tana tsinkewa?

Tambaya: Assalamu alaikum Hajiya. Wata huɗu ke nan da aurena, muna zaune a Mabera. Maigidana mai son taliya ne, amma duk ranar da na yi mata miyar tumatir sai ta fito da tsami. In na zuba a faranti kuma ruwa ya ware gefe, jan ya taru gefe, taliyar ta tsaya fara sol. Maƙwabciyata ta ce in saka kanwa, na saka, miyar ta yi duhu, ya ce shi sabulu yake ji a bakinsa. Don Allah a ina nake kuskure?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ba da zaman lafiya. Tun kafin ki faɗa na san markaɗe kike kaiwa inji, kuma da ɗanyen tumatir. To a can miyar take lalacewa, kafin ma ki kunna wuta.

Tumatir kusan dukansa ruwa ne, sama da kashi 90 cikin 100. Ki tsaya wata rana a bakin inji ki kalli yadda ake yi: mai markaɗe na tura kayan miya da muciya, ɗaya hannun riƙe da kofi yana ta ambaliyar ruwa don injin ya ja, in ya gama ya ƙara wani kofin ya ɗauraye injinsa duk a cikin bokitinki. Yaro ya ɗauko, ya tsaya kallon ƙwallo a hanya, bokiti na shan ranar Sakkwato. A cikin naman tumatir akwai wani sinadari mai danƙo da ake kira fektin, shi ke riƙe ruwa da tsoka wuri guda har miya ta yi kauri. Da zarar an niƙa tumatir ɗanye, wasu sinadaran da ke cikinsa sai su shiga cinye wannan danƙon, kuma zafin wuta ne ke tsayar da su. Shi ya sa kamfanonin tumatirin gwangwani masu son kauri suke dumama shi kusa da tafasa a lokacin da suke niƙawa. Markaɗen da ya yi awa guda a ajiye ya riga ya rasa abin da zai haɗe shi, komai daɗewar da zai yi a wuta sai ya ware a faranti.

Don haka juya tsarin za ki yi: dafawa kafin niƙa. Ga ledar taliya ɗaya mai giram 500, ki nemi tumatir kamar kilo ɗaya, wato manya 10 zuwa 12, tattasai 3, tarugu 1 ko 2 gwargwadon bakin maigidan, albasa manya 2. Ki raba kowane tumatir biyu, ki matse 'ya'yan da ruwan cikin kaɗan, ki jefa a tukunya tare da tattasai da tarugu da albasa ɗaya. Kada ki zuba ruwa ko cokali guda. Ki rufe minti 5, za ki ga ya fitar da nasa ruwan, sai ki buɗe ki bar shi yana tafasa har ruwan ya kusa ƙonewa, kamar minti 20. Ya sha iska, ki niƙa a bilenda. In babu wuta, turmi ma ya isa, don ya riga ya yi laushi. Ni na fi son na turmi a kan taliya, yana barin ɗan gari-gari da ke maƙalewa a jikinta.

Batun tsami kuwa, a nan mata da yawa ke yaudarar kansu. Tsamin tumatir ba ya bin tururi ya tafi. Abin da doguwar dahuwa ke yi shi ne ta kore gafin ɗanye, ta ƙone ruwa, zaƙin da ke ciki ya taru har ya rinjayi tsamin. In tun farko babu zaƙin, babu abin da zai taru. Saboda haka aikin daga kasuwa yake farawa. In kin shiga Kasuwar Daji, ki nemi dogon nan mai tauri da ake ce wa ɗan UTC, wanda ya nuna jawur har wajen hancinsa, in kin ɗaga ki ji nauyi. Mai kore-kore a kafaɗa ki bar wa masu salak. Wanda ya fashe yana tsiyaya kuma, wanda ake tarawa gefe a karyar da kuɗinsa, ya fara ruɓa ne, tsaminsa ba ya jin magani. Daga Janairu zuwa Maris, lokacin da na fadamun Goronyo da Wurno da Kware ke shigowa kwando-kwando, ba ki da uzurin sayen irin wannan.

Sauran gyaran albasa ce ke yinsa, ga mu kuwa a gidan albasa. Ki yanka ɗayar ƙanana, ki zuba man gyaɗa kamar cokali 6 na cin abinci, ki soya a wuta kaɗan minti 10, har ta yi laushi ta ɗauki launin zuma. Kada ta yi baƙi, ɗaci za ta kawo. Tafarnuwa ƙwaya 4 dakakku su shiga a ƙarshe, ƙamshinsu na tashi ki juye tumatir. Ki riƙa juyawa. Za ki ji ƙarar tukunyar ta sauya daga ɓul-ɓul ta koma cuwai irin ta suya, man ya fito gefe ja kamar manja, in kin ja cokali a gindin tukunya hanyar ta tsaya ba ta rufe nan take ba. Miya ta yi ke nan. Sai gishiri da dunƙule. Kori da tayim ki ajiye wa shinkafa, ganyen ɗoɗɗoya 5 ko 6 bayan kin sauke ya fi dacewa da taliya.

Maƙwabciyarki ba ta yi ƙarya ba, kanwa na kashe tsami, haka ma farar hodar nan ta bakin soda (baking soda). Kumfar da kika ga ta taso alamar suna aiki ce. Amma in suka gama da tsamin suka yi saura, sauran ne ke baƙanta miya ya kawo ɗanɗanon sabulun da angon ya ji. In kin ɗanɗana a ƙarshe har yanzu tana cizon harshe, ɗan abin da yatsu biyu za su tsinko na bakin soda ya wadatar da tukunyar duka.

Saura taliyar da ke tsayawa fara. Na tabbata kina tace ta ki ɗauraye da ruwan sanyi, wataƙila har ki ɗiga mata mai don kada ta haɗe. Kusan duk haka muka taso muka gani. Sai dai wannan santsin da kike wankewa sitaci ne, shi ne gam ɗin da miya ke kamawa, man kuma sai ya sa ta zame. 'Yan Italiya, masu abin, ba sa wanke ta. Ki dafa da gishiri, ki tsame saura minti 2 ta nuna, tana da ɗan tauri a tsakiya in kin ciza. Kafin ki tace ki ɗebi kofi ɗaya na ruwan dahuwar ki ajiye. Ki juye taliyar cikin miya a kan wuta, ki zuba rabin kofin, ki yi ta juyawa har ta ƙarasa a ciki, kowane sili ya yi ja. In ta yi ƙarfi ki ƙara sauran ruwan.

In miya ta yi saura kada ta kwana a tukunyar dalma, tsamin tumatir na cin ƙarfen ya bar mata wani ɗanɗano. Ki juye a roba mai murfi. Da damina kuma, in ɗanye ya yi tsada, ki wanke kauɗa sau uku saboda ƙasa, ki jiƙa ta a ruwan zafi rabin awa, ki ƙara tattasai ɗaya don launi, sauran duk yadda na gaya miki ne.